Littafin Ranar Damuwa

Mutum idan ransa ya ɓaci, ba ya neman sabon littafi. Sabon littafi na mai kwanciyar hankali ne, wanda yake da sararin sabawa da baƙin sunaye, ya bi marubucin da bai sani ba zuwa inda bai taɓa zuwa ba. Amma wanda aka yi wa rasuwa, ko mai zaman jinya a asibiti, ko matar da ta dawo gidan iyayenta da takardar saki, ko ɗalibin da jarrabawa ta kayar, in har hannunsa ya kai ga littafi, za ka tarar tsohon nan ne da bangonsa ya fita, wanda ya san farkonsa ya san ƙarshensa, har ya san shafin da manja ya ɓata. Na daɗe ina lura da wannan a wurin mutane, kuma abin ya saɓa wa abin da aka saba faɗa game da karatun labari. An ce daɗin labari shi ne rashin sanin abin da zai faru. To, me mutum yake nema a labarin da ba shi da sauran abin da ya ɓoye masa?

Amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin littafin da Hausawa suka fi komawa gare shi, wato Magana Jari Ce. Yawancinmu idan aka ambace shi, labaran ciki muke tunawa, su Kalala da Kalalatu, su Sahoro da Sahorama, su Sarkin Busa. Mukan manta da dalilin da ya sa aka ba da labaran tun farko. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ci amana, ya haɗa baki da abokan gaba, abin da yake jira kawai shi ne yaron ya sa ƙafa waje a kama shi. Musa kuwa hankalinsa a tashe yake, zuciyarsa tana wurin mahaifinsa da Mahmudu, wanda suka tashi tare tun suna jarirai. Kullum dare ya yi sai ya shirya, ya zo wurin aku ya yi masa sallama zai bi su. Aku ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Sai ya jefo wata magana, maganar ta jawo labari, labarin ya zaunar da Musa, kafin a kai ƙarshe gari ya waye. Gobe ma haka.

Ga yaro cikin damuwa, yana dab da aikata abin da zai halaka shi, ga tsuntsun da ba shi da komai sai baki. Labaran nan ba su dawo da Sarki daga fagen fama ba, ba su kuma raba Musa da kewar ɗan'uwansa ba. Abu ɗaya suka yi, sun tsallakar da shi dare. Duk wanda ya taɓa kwana da baƙin ciki ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da rana akwai masu shigowa gaisuwa, akwai hidimar baƙi, akwai kukan yara da zai ɗauke hankali. Dare ne yake barin mutum daga shi sai zuciyarsa, kuma a cikinsa ake yanke shawarar da ake cizon yatsa a kanta daga baya. Abubakar Imam bai kai shekara talatin ba lokacin da ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta wannan aiki, amma ya riga ya gane cewa mai damuwa ba ya jin nasiha kai tsaye. Ka ce masa ya yi haƙuri, zai gyaɗa maka kai, maganar ta bi iska. Kowane labarin aku yana da darasi, gaskiya ne, amma darasin a baya yake tafe. Abin da ke gaba shi ne a riƙe yaron har asuba.

Sanannen abu ne cewa da yawa daga cikin labaran ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar talifi a Zariya a lokacin, ya tara wa Imam littattafai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, har da tatsuniyoyin Jamus. Shi kansa akun mai jinkirta mutum da labari, daga Indiya tushensa yake. Wasu sukan ambaci wannan a matsayin naƙasu, ni kuwa a nan nake ganin girman mutumin. Ya ɗauki labarin da aka yi a ƙasar dusar ƙanƙara, ya sa masa babbar riga, ya zaunar da shi a zaure, ya ba shi bakin mutanen Katsina da Zazzau, har ya zama babu wanda zai karanta ya ji ƙanshin baƙunta. Hausar Imam ba ta takarda ba ce, ta mai magana ce. Idan kana karantawa, za ka ji inda ya ja numfashi, da inda ya ɗaga murya, da inda ya tsaya a yi dariya. Littattafan uku sun fito tsakanin 1937 da 1939, suka shiga makarantu, aka yi ta karanta wa yara su a aji shekara da shekaru. Saboda haka dattijon da ya buɗe Magana Jari Ce a yau, ba Imam kaɗai yake ji ba. Yana jin muryar malaminsa na firamare da ya daɗe da rasuwa, yana ganin yayansa da ya fara kawo littafin gida, yana tuna fitilar ƙwai da aka kewaye a tsakar gida. Rabin sanyin da littafin yake sa masa a zuciya, shi ne ya ajiye shi a ciki da kansa tun yana yaro.

Wata gwaggona da ba ta yi boko ba, lokacin da take takaba, ba ta fita, baƙi kuma sun ɗauke ƙafa bayan sadakar arba'in. Bayan sallar isha'i sai ta aika a kira ni da littafin Ruwan Bagaja. Tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, mayafinta har goshi. Ba daga farko take so a fara ba, sai ta ce, "Ɗan nan, kai ni wurin da suka sake haɗuwa da Zurƙe." In na yi sauri ko na tsallake wani wuri don barci yana ɗibata, sai ta ɗaga hannu: "A'a, ɗana, ba haka yake ba, ka bar wani abu a baya." Ta san littafin da ka, domin mijinta ya sha karanta mata shi a farkon aurensu. Ba ta cika yin dariya ba a wannan lokaci, amma idan Malam Zurƙe ya sake faɗawa tarkon Alhaji Imam, jarumin littafin, sai ka ga kafaɗunta suna motsi a ƙarƙashin mayafi. Wani dare kuma a daidai wurin da ta saba dariya sai hawaye ya zubo mata, ta ce in ci gaba, kada in tsaya. Ba labarin ruwan da zai warkar da ɗan Sarki take bi ba. Kalmomin da wani baki ya taɓa faɗa mata take son sake ji, a jere yadda ya jera su, ba ragi ba ƙari.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da littattafan farko na Hausa suka yi tarayya a kansa, wanda ban ga ana yawan magana a kai ba. Gasar da East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A uku na farkon nan, waɗanda su ne aka fi karantawa, mai labarin yana zaune ne lafiya lau a gaban masu saurare, yana ba da labarin wahalar da ta riga ta wuce. Alhaji Imam ya dawo gida kafin ya buɗe baki. Ganɗoki ya tsufa, yara sun kewaye shi. Shaihu Umar ya zama babban malami, almajiransa suna tambayarsa asalinsa. Tun shafin farko an riga an gaya maka cewa mutumin nan ya tsira. Duk abin da zai same shi, na kurkuku ne, na bauta ne, na hamada ne, ka san ba zai kashe shi ba, tun da ga shi yana magana. Mai neman abin mamaki zai ce an ɓata masa labari. Mai damuwa kuwa abin da yake buƙata ke nan: ya zauna gaban wanda ya shiga irin abin da yake ciki, ya fito, har ya iya ba da labari cikin natsuwa.

Shaihu Umar ya fi kowanne nuna wannan, domin littafi ne mai ciwo. An sace yaro, ya bi hannu zuwa hannu har ya tsallaka hamada zuwa ƙasar Larabawa. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta, ta sha wulaƙanci iri-iri, sai da ƙarfinta ya ƙare sannan Allah ya haɗa su, ba ta kuma daɗe ba ta cika. Babu abin dariya a ciki, babu auren 'yar sarki a ƙarshe. Amma na san mutanen da idan duniya ta yi musu zafi shi suke ɗauka, musamman waɗanda suka rasa uwa. Abin da ke riƙe su, a ganina, muryar Umar ce. Ba ya kururuwa, ba ya tsinuwa, ba ya kuma ɓoye munin abin da aka yi. Yana faɗin abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, da muryar mutumin da ya gama kukansa tuntuni. Mai karatu yana aron wannan murya na ɗan lokaci, ya gwada faɗa wa kansa tasa masifar da ita, ya ji ko za ta faɗu. Ga wanda ya san tarihi kuma akwai wani nauyin a kai: malamin makarantar nan na Bauchi da ya rubuta littafin shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Dattawan da suka ga wannan zamani ba sa iya raba natsuwar Umar da natsuwar da suka sani a muryar marubucinsa a rediyo.

Kafin boko ya zo da littafin hira, Bahaushe yana da inda yake kai damuwarsa, kuma har gobe can ne farkon inda yake zuwa. Ba a haɗa Alƙur'ani da kowane littafi, amma abin lura ne cewa malamai da yawa suna cewa Suratu Yusuf ta sauka ne a lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake cikin baƙin cikin rasuwar Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Lallashin ya zo a siffar ƙissa guda, daga farko har ƙarshe: rijiya, bauta, ƙazafi, kurkuku, uban da ya yi kuka har ganinsa ya tafi, sannan haɗuwa. Babu Musulmin da bai san yadda ta ƙare ba, amma ka duba sahu a daren da liman ya kawo ta a tarawihi ko tahajjudi, ka ga yadda manyan mutane suke share ido. A bayan Alƙur'ani kuma akwai littattafan da hannu ya goge a aljihun tsofaffi: Dala'ilul Khairati na Jazuli mutumin Maroko, da Ishiriniyar Alfazazi mutumin Andalus, da Burda, wadda aka ruwaito cewa Busiri ya yi ta a Masar yana kwance jikinsa ya shanye. Da yawa daga masu rera su ba za su iya fassara maka kowane baiti ba. Sautin da maimaicin da sanin cewa kakanninsu ma da waɗannan kalmomi suka yi kuka, su ne suke aiki.

A cikin Hausa kuwa babu abin da ya kama ƙafar Imfiraji na Aliyu Namangi a wannan fage. Makaho ne mutumin Zariya, ya rayu har 1990, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. An buga waƙoƙin a takarda, amma akasarin waɗanda suka san su ba a takarda suka gamu da su ba. A tashar mota suka ji su, ko a bakin kasuwa, ko a ƙofar gida da hantsi, daga bakin makafi masu bara, ɗaya yana ja sauran suna amshi. Abin mamakin shi ne abin da waƙoƙin suke faɗa ba mai daɗi ba ne a zahiri. Maganar mutuwa ce, da kabari, da hisabi, da yaudarar duniya, gauraye da begen Manzo. Ta yaya tuna wa mutum mutuwa zai sanyaya masa rai? Ina ganin domin damuwa tana sa mutum ya ɗauka shi kaɗai aka ware aka ɗora wa kaya. Namangi yana mayar da shi cikin jama'a. Sarki da talaka, mai ido da makaho, wanda ya cuce ka da kai da aka cuta, hanya ɗaya ce. Ciwon bai tafi ba, amma ya koma daidai girmansa. Sannan akwai wanda ya yi waƙar da waɗanda suke rera ta: idan mutumin da bai ga hasken rana ba ya ce maka ka gode wa Allah, maganar tana da nauyin da ba ta da shi a bakin mai ƙoshi.

Duk marubutan da na ambata maza ne, kuma na makaranta ne ko na zaure. Akwai wasu littattafan da suka yi wannan aiki a cikin ɗaki, a bayan labule, waɗanda aka daɗe ana raina su. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, ta hannun kamfanin NNPC na Zariya. Daga nan tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a takarda mai araha, kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990, ya shiga kusan kowane gida. Shagunan hayar littattafai suka buɗe a unguwanni, matar da ke cikin kulle ta aiki ƙaramin yaro da 'yan canji da sunan littafi a rubuce a guntun takarda, ya dawo da shi a naɗe cikin leda. Littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin ya koma shago. Daga Kano dillalai suka ɗauke su zuwa Sakkwato da Jos da Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi.

Masana suka sa musu suna adabin kasuwar Kano, wasu malamai suka ce suna ɓata tarbiyya, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Ba zan ce duk sukar ba ta da tushe ba. Da yawa an rubuta su cikin gaggawa, babu mai tacewa, ƙa'idar rubutu ta sha wuya, wasu kuma kwaikwayon finafinan Indiya ne kawai. Amma wanda ya tsaya a nan bai tambayi matan da suka karanta su abin da suka samu a ciki ba.

Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai hali amma mai ƙwauron cefane. Ya auro Delu, ya fifita ta, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Shi kuma gobara ta cinye masa shago, amaryar ta juya masa baya. Labarin ke nan, kuma babu wata unguwa a ƙasar Hausa da ba a taɓa yin irinsa ba. A nan ƙarfinsa yake. Matar da take ƙirga kuɗin cefanen da bai isa ba, tana jin ƙanshin tsiren da aka shiga da shi ɗakin amarya, ta daɗe tana zaton abin kunyarta ne ita kaɗai, abin da ba a faɗa. In ta kai ƙara gida, a ce ta yi haƙuri, zaman aure ya gaji haka. Sai ga shi a rubuce, baƙi a kan fari, wata ta gani, ta ƙirga kuɗin tare da ita, ta kira abin da sunansa. Ita marubuciyar an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. Masu karatunta sun san haka, kuma sun san ba daga nesa take hango abin ba.

Ƙarshen littafin ba ya faranta rai. Bayan duk abin da ya faru, dangi suka taru a kan Rabi sai ta koma ta kula da mutumin da ya wulaƙanta ta. Na ji mata suna muhawara a kan wannan da zafi, wasu suna cewa an zalunce ta sau biyu, wasu suna cewa ai haka ake yi. Amma ba su daina karanta shi ba, kuma ina ganin da Balaraba ta ƙare shi da daɗin baki, da ba su yarda da sauran ba. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga, abin alfahari ne, sai dai aikinsa na gaskiya ya riga ya yi shi a ɗakunan da babu wanda ya ƙirga.

Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatunta suke kira Anti Bilki, wata hanyar ta bi. A littattafanta irin su Allura Cikin Ruwa, mace tana karatu mai zurfi, tana aiki, tana da addini, tana da miji mai ganin darajarta, gida yana ƙanshin turaren wuta, ana zuba girki kala-kala. Masu suka sun ce mafarki ne. To, mafarki ne, amma yarinyar da ake shirin cirewa daga aji uku na sakandare, in ba a littafin nan ba, a ina za ta ga mace irinta, mai sallah da lulluɓi, ta zama likita kuma aurenta bai mutu ba? Akwai malamai mata da ma'aikatan jinya a yau da za su gaya maka a irin waɗannan shafuka suka fara ganin abin zai yiwu.

Akwai dai abin da yake damuna, kuma ba zan ɓoye shi ba. Littafin lallashi yana iya zama maganin barci. Da yawa daga labaran nan an gina su a kan alkawari ɗaya: ki yi shiru, ki jure, alhaki zai kama azzalumi a gaban idonki, kishiya za ta haukace, miji zai dawo yana kuka. A rayuwa ba kullum ake ganin haka ba. Wani azzalumin yana mutuwa a kan katifarsa, hisabinsa sai a can. Matar da aka shayar da wannan alkawari tana iya shafe shekara ashirin tana jiran gobarar da ba za ta tashi ba, alhali abin da take buƙata shi ne sana'a, ko makaranta, ko alƙali. Bambancin marubuciya ta ƙwarai da mai cika shafi a nan yake fitowa. Rabi ba ta zauna jiran gobara ba, tukunya ta ɗora. Gobarar ta zo daga baya, kuma ko da ba ta zo ba, yaran sun riga sun ci sun yi karatu.

Yau shagunan haya sun ragu ƙwarai, labari ya koma waya. Marubuta, mafi yawansu mata, suna sakin littafi babi-babi a WhatsApp da Wattpad, mai so ta tura kuɗi a sa ta a rukuni. Wasu suna karanta littattafan da murya a YouTube, mace tana wanke-wanke waya tana gefe tana ba ta labari, abin da ya mayar da mu inda aka faro, wurin kunne. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata masu alƙalami da ba a san da su ba. Ban taɓa yarda da masu cewa Hausawa sun daina karatu ba. Ana karatu fiye da da, sai dai ba a takarda ba.

Abin da nake tambaya shi ne ko a cikin wannan yalwa ana samun littafin komawa. Labarin waya an gina shi ne a kan jira. Kowane babi yana ƙarewa a inda zai hana ka barci, domin ka dawo gobe, domin ka biya. Wannan gwaninta ce, ban raina ta ba, amma tana tayar da hankali ne, ba ta kwantar da shi. Littafin ranar damuwa kuwa kamar gidan da ka girma a ciki ne, ko an ɗauke wuta ka san inda ƙofa take, ka san inda za ka ɗaga ƙafa. Ba a samun wannan sai an karanta abu ɗaya sau da yawa, a shekaru daban-daban, ana yaro, ana amarya, ana jego, ana takaba. Labarin da ya zo a saƙo, wani ya biyo bayansa kafin a gama, waya ta cika a goge, ko a sace ta a kasuwa, da wuya ya samu wannan dama. Mai yiwuwa 'yan matan yanzu suna da nasu da suke adanawa suna komawa, ina fatan haka ne.

Na tsofaffin kuma akwai aikin da ya rage a kanmu. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar suna da gata, ana sake buga su, za ka same su a shagon littattafai da kan tabarmar masu kasa kaya a ƙofar masallacin Juma'a. Littattafan matan nan na shekarun 1980 da 1990 ba su da wannan gata. An buga su a takardar da ba ta jure damina, gara ta ci wasu, ƙaura ta watsar da wasu, wasu marubutan sun rasu ba a san inda ainihin rubutunsu yake ba. Sau da yawa za ka ji mace mai jikoki tana cigiyar wani littafi da ta karanta tana amarya, ta tuna sunan jarumar, ta tuna launin bangon, ta manta sunan marubuciyar, kuma babu mai kashi na biyu. Sassan Hausa na jami'o'inmu da ƙungiyoyin marubuta suna iya tattara waɗannan littattafai tun masu su suna raye, a nemi izinin marubutan ko magadansu, a gyara rubutun, a haɗa kashi-kashin wuri ɗaya, a sake buga ko da ɗari ne daga cikinsu a takarda mai ƙwari, da farashin da matar aure za ta iya saya daga kuɗin adashinta.